Ɗana ya daina cin kofi tun da aka canza masa koci

Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 11 wanda ya fara buga tanis tun yana ɗan shekara shida, kuma a shekaru biyun da suka wuce babu gasar 'yan ƙasa da shekara 12 da ya shiga bai kai aƙalla wasan kusa da na ƙarshe ba. Wata biyar ke nan da muka koma hannun sabon koci, wanda ya canza masa riƙon raket a wajen sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, ya hana shi ɗaga ƙwallo sama kamar yadda ya saba, ya kuma ce a rage shiga gasa. Tun daga nan yaran da yake lallasawa a da su ne suke doke shi. Ina so in mai da atisayensa awa uku a kullum, kwana shida a mako, in kuma raba shi da ƙwallon ƙafar da yake bugawa da abokansa, amma kocin ya ƙi amincewa. Ga shi yaron ya fara kukan ciwo a ƙasan gwiwa, kuma idan aka doke shi ba ya cewa uffan a mota har mu isa gida. Burina ya zama ƙwararren ɗan wasa. In canza koci ne tun lokaci bai ƙure ba?

Uban ɗan wasa

Wa alaikumus salam, Malam. Amsata a taƙaice ita ce kada ka canza wannan koci, aƙalla ba don dalilan da ka lissafa ba, domin duk abin da ka kawo a matsayin laifinsa alama ce ta mutumin da yake gina ɗan wasan da zai tsaya a fili yana da shekara 18, alhali kai kana auna aikinsa da kofunan 'yan shekara 11. Amma kafin mu zo kan koci, bari in ɗauko abin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka in dawo da shi gaba, domin ya fi sauran gaggawa, wato gwiwar yaron.

Yaro a shekarun ɗanka yana bakin lokacin da tsawo yake zuwa masa da sauri, abin da ga yawancin maza yake kai wa ƙololuwa wajen shekara 13 zuwa 14, ga mata kuma da wuri kaɗan. A wannan lokaci ƙashi yana riga tsoka da jijiya miƙewa, kuma wuraren da ƙashin yake tsirowa daga gare su ba su gama ƙarfi ba, guringuntsi ne har yanzu. Jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana manne ne a wani ɗan tudu a saman ƙashin ƙwauri, kuma duk lokacin da yaro ya zabura da gudu, ya taka birki, ya yi tsalle ya dira a kan fili mai tauri, jijiyar tana fizgar wannan wuri. Idan fizgar ta yi yawa babu hutu sai wurin ya kumbura ya riƙa ciwo, abin da likitoci suke kira ciwon Osgood-Schlatter, kuma yana daga cikin abubuwan da aka fi gani a yara masu wasanni. Ba ni da ikon cewa shi ne yake damun ɗanka, wannan aikin likita ne, saboda haka ka kai shi a duba shi cikin wannan makon, ka kuma faɗa wa likitan adadin awannin da yake yi a fili ba tare da ragi ba. Irin wannan ciwo yakan bayyana a dunduniya ma. Wanda ya fi su haɗari ga ɗan tanis shi ne ciwon ƙasan baya da ya ƙi tafiya, domin lanƙwasa baya da ake yi a wajen sabis, idan aka maimaita shi fiye da kima, yana iya tsaga ɗaya daga cikin ƙasusuwan ƙashin baya, kuma yaro zai iya rasa watanni a dalilinsa. Duk ranar da ya ce bayansa na ciwo, kada ka ce masa ya daure.

Yanzu ka lissafa abin da kake shirin ɗora wa wannan gwiwa. Awa uku sau shida awa 18 ke nan a mako. Likitocin wasannin yara suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa, cewa awannin atisayen da aka tsara wa yaro a mako kada su wuce yawan shekarunsa, domin an lura cewa rauni yana ƙaruwa ga waɗanda suka tsallake wannan iyaka. Ɗan shekara 11 ke nan awa 11 ne rufinsa, kai kuwa kana neman ka ƙara masa bakwai a kai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce yaro ya samu hutun kwana ɗaya ko biyu a kowane mako daga wasan da ya fi mai da hankali a kansa, sannan a cikin shekara ya samu jimillar wata uku, a rarrabe wata ɗaya-ɗaya, da zai ajiye wannan wasa ya motsa jikinsa ta wata hanyar. Kocin da ya ƙi amincewa da awa 18 ya kare maka ɗa ne.

To, me ya sa yake cin wasa a da, yanzu kuma ake doke shi? Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa a wasan mutum ɗaya mita 8.23, ragar kuma a tsakiya tsayinta santimita 91.4, kuma an auna shi ne da jikin babban mutum. Idan ka sa yara biyu 'yan shekara 11 a cikinsa, wanda zai yi nasara kusan kullum shi ne wanda yake ɗaga ƙwallo sama ya tura ta can baya ba tare da kuskure ba, saboda abokin karawarsa gajere ne, ƙwallon tana tashi ta wuce kafaɗarsa, ba shi da ƙarfin da zai danne ta, sai ya gaji ya zubar da maki da kansa. Wannan dabara halal ce a doka, kuma tana nuna yaro mai haƙuri da natsuwa, abin da bai kamata a raina ba. Matsalarta ita ce tana da wa'adi. Nan da shekara uku ko huɗu waɗannan yara za su yi tsawo, kafaɗunsu za su yi ƙarfi, kuma ƙwallon da take wuce kansu a yau za ta zo musu daidai inda suke so, ko su taka gaba su tare ta a sama kafin ta taɓa ƙasa su kashe makin. A ranar, makamin da ya tara wa ɗanka kofuna zai zama abincin abokan karawarsa, kuma idan ba a koya masa wani ba tun yanzu, zai tarar da kansa yana da shekara 15 babu abin da zai kai hari da shi. Akwai kuma abin da iyaye ba su cika lura da shi ba: ana raba rukunin gasa ne da shekarar haihuwa, saboda haka ɗan watan Janairu da ɗan watan Disamba suna rukuni ɗaya alhali akwai kusan shekara guda a tsakaninsu, ga kuma waɗanda girma ya zo musu da wuri. Da yawa daga cikin sakamakon gasar 'yan ƙasa da 12 labarin girman jiki ne kawai, kuma jiki yana daidaituwa daga baya.

Batun riƙon sabis shi ne inda nake so ka fi ba kocin goyon baya, domin a nan ne asarar ta fi ciwo a yau, a nan ne kuma ribar ta fi yawa gobe. Yawancin yara suna fara sabis ne da riƙe raket kamar yadda ake riƙe kasko, fuskarta a buɗe tana kallon sama, su tura ƙwallon gaba. Da wannan riƙo ƙwallo tana faɗawa cikin akwati, wato sashen filin da doka ta ce sabis ya sauka, ba wahala, shi ya sa ake barin su a kai. Amma ba za a iya murza ƙwallo da shi ba, kuma sabis na biyu, wanda ake yi idan na farko ya kuskure, gaba ɗayansa ya dogara ne a kan murzawa, domin ƙwallon da take juyawa ita ce za a iya bugawa da ƙarfi ta haye raga da tazara, sannan ta nutse ta faɗa cikin akwati. Mai riƙon kasko ba shi da wannan, abin da ya rage masa shi ne ya lallaɓa sabis ɗinsa na biyu a hankali, kuma a rukunin 'yan 16 wannan gayyata ce ga abokin karawa ya shigo fili ya rafke ta. Riƙon da kocin yake koya masa, wanda yake kama da riƙon guduma, gefen raket ne yake fara tunkarar ƙwallo, sai sangalin hannu ya murɗa a daidai lokacin bugu ya buɗe fuskar, kuma da wuya ka ga ƙwararren ɗan wasa, namiji ko mace, da yake sabis da wani riƙon daban. Koyonsa yana ɗaukar watanni, kuma a cikin watannin yaro zai riƙa zubar da sabis biyu a jere har ran mai kallo ya ɓaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: canjin da zai ci wa ɗan shekara 11 kakar wasa ɗaya, ɗan shekara 16 yana iya shekara biyu a kansa, kuma da zarar wasa ya yi zafi hannunsa ya koma tsohon riƙo.

Ka kuma lura ko kocin yana koya masa sabis daga ƙasa zuwa sama. Kusan rabin ƙarfin sabis daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa, ya bi ta kafaɗa ya isa hannu, kuma yaron da bai koyi tura ƙasa da ƙafa da juya ƙugu ba zai nemi ƙarfin daga kafaɗa da gwiwar hannu, su kuwa ba a yi su don ɗaukar wannan nauyi su kaɗai ba. Idan ka ga yana sa shi jifan ƙwallo da hannu daga layin baya zuwa hayin raga, kada ka ɗauka ɓata lokaci ne, domin sabis jifa ne da raket a hannu.

Haka nan idan ya ɗauko ƙwallo mai laushi. Tun daga 2012 hukumar tanis ta duniya, ITF, ta wajabta cewa gasar yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa a buga ta da ƙwallaye marasa gudu: ja, wadda gudunta ya gaza na ƙwallon manya da kusan kashi 75 cikin 100, a kan ɗan fili mai tsawon kimanin mita 11, mai ruwan lemo, da ragin kashi 50, a kan fili mai mita 18, sai koriya, da ragin kashi 25, a kan cikakken fili. Hikimar ita ce ƙwallon ta riƙa tashi daidai ƙugun yaro, don ya koyi bugu da riƙo mai kyau, ya kuma saba zuwa raga. Yaran da aka yi wa gaggawar komawa ƙwallon manya sukan karkatar da riƙonsu sosai don su iya kai wa ƙwallon da take sama da kafaɗarsu, su kuma manne a layin baya. Daga bayanin da ka yi ina zargin ɗanka yana cikinsu. Komawa koriyar ƙwallo na rabin awa don gyaran sabis ko bugun kusa da raga ba ƙasƙanci ba ne. Ka duba raket ɗinsa ma: ta manya inci 27 ce, yaro mai shekarunsa kuwa sau da yawa ta inci 25 ko 26 ta fi dacewa da hannunsa.

Game da ƙwallon ƙafa, ban goyi bayanka ba ko kaɗan. Roger Federer ya buga ƙwallon ƙafa da wasu wasannin har zuwa wajen shekara 12 kafin ya zaɓi tanis. Rafael Nadal, wanda baffansa Miguel Ángel ya buga wa Barcelona da tawagar Sifaniya, shi ma ya haɗa biyun har wajen wannan shekaru. Jannik Sinner na Italiya zakaran gudun kan ƙanƙara ne a yarintarsa, sai da ya kai shekara 13 ya bar gida ya koma wurin koci Riccardo Piatti ya rungumi tanis gadan-gadan, kuma a 2024 ya ci Australian Open ya zama na ɗaya a duniya. Na san za ka iya kawo mini sunayen waɗanda ba su san komai ba sai raket tun suna ƙanana kuma suka yi nasara, kuma gaskiya ne akwai su. Abin da waɗannan misalai uku suke tabbatarwa shi ne cewa haɗa wasanni a shekara 11 ba ya rufe ƙofar zuwa ƙoli. Ƙwallon ƙafa tana koyar da zabura, da canza alkibla, da aiki da ƙafa biyu, da karanta nufin abokin hamayya, kuma duk waɗannan kayan aikin ɗan tanis ne. Tanis wasa ne mai cin gefe ɗaya na jiki, hannu ɗaya da kafaɗa ɗaya suna ɗaukar yawancin aiki, don haka wani wasan yana daidaita jiki. Sannan, in faɗa maka wadda ba za ka so ji ba, wataƙila filin ƙwallon ƙafa shi kaɗai ne wurin da yaron yake wasa babu idon mahaifinsa a kansa. Sai dai gwiwa ba ta san bambancin wasanni ba, saboda haka har likita ya ba da izini, a rage duka biyun, kuma daga baya a lissafa awannin ƙwallon ƙafa a cikin jimillar mako.

Rage gasa ma yana da hujja. Ba zai yiwu yaro ya canza riƙo ranar Talata ya kuma shiga gasa ranar Asabar ba tare da ya koma tsohon hali ba, domin a ƙarƙashin matsi kowa yana komawa abin da ya fi amincewa da shi. Masu horarwa nagari sukan keɓe makonni shida zuwa takwas babu gasa idan ana babban gyara, sannan su dawo da yaro ta ƙananan wasanni inda aka yarda tun farko cewa sabon riƙo za a yi amfani da shi ko da za a sha kashi. Richard Williams ya janye 'ya'yansa Venus da Serena daga gasannin yara a farkon shekarun 1990, lokacin da Venus take cin kowa, ya bar su suna atisaye da karatu. Ba ina cewa ka yi koyi da shi har ƙarshe ba, domin gasa malama ce da babu atisayen da zai maye gurbinta: a nan ne yaro yake koyon sabis alhali hannunsa na rawa, da yanke hukuncin layi da gaskiya a wasannin da babu alƙali, da haƙuri da abokin karawar da ya cuce shi. Abin da ake so shi ne a zaɓi gasa da hankali. Masu horarwa da yawa suna neman yaro ya riƙa cin wasa biyu ko uku a kan kowane ɗaya da ya rasa. Wanda yake cin kusan komai, kamar yadda ɗanka yake yi a da, yana buga rukunin da ya yi masa sauƙi ne kuma ba ya koyon sabon abu, wanda kuma ake doke shi kullum zuciyarsa za ta mutu. Gasannin matasa na ITF, inda ake fara samun matsayi a jerin duniya, sai yaro ya cika shekara 13 yake shiga, kuma a can babu wanda zai tambaye shi kofi nawa ya ci yana ɗan 11.

Tarihin wasan kansa ya yi gargaɗi a kan gaggawa. Jennifer Capriati ta shiga sahun ƙwararru a 1990 tana gab da cika shekara 14, ta ci zinare a gasar Olympics ta Barcelona a 1992, amma zuwa ƙarshen 1993 ta ajiye raket saboda nauyin da ya fi ƙarfinta, kuma sai a 2001 ta ci babbar gasarta ta farko. Bayan abin da ya same ta ne hukumar tanis ta mata, WTA, ta kafa dokar shekaru a 1995, wadda ta taƙaita yawan gasannin da yarinya za ta shiga har sai ta kai 18. Ashleigh Barty ta Ostareliya ta ci Wimbledon ta matasa a 2011 tana da shekara 15, a 2014 ta bar tanis ta koma wasan kurket, sai a 2016 ta dawo da ƙafarta, daga nan ta ci French Open a 2019, Wimbledon a 2021 da Australian Open a 2022. Waɗannan biyun sun dawo, shi ya sa muka san labarinsu. Waɗanda suka gaji suka tafi ba su waiwayo ba, babu mai rubuta sunayensu.

Tunda damuwarka ita ce ko yaron yana samun isasshen aiki, ka daina ƙirga awanni ka fara kallon abin da ake yi a cikinsu. Atisaye mai kyau yana farawa da kwata na awa na ɗumama jiki da wasannin ƙafa, kuma a cikinsa ake dasa ɗan tsallen nan da ɗan wasa yake yi a daidai lokacin da abokin karawarsa zai bugi ƙwallo, wanda shi ne tushen duk wani saurin isa ga ƙwallo. Jefo wa yaro ƙwallo daga kwando yana da amfani wajen koyon sabon bugu, amma idan awa biyu ta ƙare a haka, ana horar da hannu ne a bar kai, domin ƙwallon kwando tana zuwa inda aka san za ta zo, ta wasa kuwa ba ta sanarwa. Mafi yawan lokaci ya kamata ya tafi a musayar ƙwallo da wani yaro, da buga maki masu sharaɗi, misali a ce sabis ɗaya kawai aka yarda, ko makin da aka ci a bakin raga ya zama biyu, ko a fara wasa yaro yana baya da maki, don ya saba yanke shawara a cikin matsi. Ga wani abin da ake yawan sakaci da shi: a wasan ƙwararru yawancin maki suna ƙarewa ne a cikin bugu huɗu na farko, wato sabis, da mayar da sabis, da bugu ɗaya-ɗaya da suka biyo baya, amma a filayen atisaye da yawa sabis sai minti goman ƙarshe, lokacin da yaro ya gaji, mayar da sabis kuwa ba a ma taɓa shi. Idan kocin ɗanka yana ba waɗannan biyu lokaci a tsakiyar atisaye, ka riƙe shi da hannu biyu.

Bayan gwiwa ta warke, mako mai ma'ana ga ɗan shekara 11 zai iya zama kwana huɗu na tanis, awa ɗaya da rabi kowanne, da wasan gwaji ɗaya na awa ɗaya da rabi, da zama biyu na minti 45 na ƙarfafa jiki, da awa biyu na ƙwallon ƙafa. Jimilla awa 11, da aƙalla kwana ɗaya da ba za a taɓa raket ba. Ƙarfafa jikin ba ɗaga ƙarfe mai nauyi ba ne: tsuguno da nauyin jiki, tsayuwa da ƙafa ɗaya, igiyar roba don tsokokin bayan kafaɗa, jifan ƙwallo mai ɗan nauyi, duk a gaban wanda ya san aikin. Barci kuma wani ɓangare ne na horo, yaro mai shekarunsa yana buƙatar awa tara zuwa 12 a dare. Makaranta ba ta cikin abin da za a taɓa. Waɗanda suke rayuwa da kuɗin gasa kaɗai a duniya 'yan ɗaruruwa ne, amma tanis haɗe da sakamakon karatu mai kyau ya buɗe wa matasa da yawa ƙofar jami'o'in Amurka da tallafin karatu.

Saura shirun mota. Yaron da ya yi shiru bayan an doke shi ba lallai ba ne yana baƙin cikin wasan, sau da yawa yana jiran hukunci ne, kuma ko ba ka buɗe baki ba ya riga ya karanta fuskarka tun daga bakin fili, domin yara suna waiwayar iyayensu bayan kowane kuskure. Ka duba halin da yake ciki: koci ya ce ya riƙe raket haka ko da zai rasa maki, uba kuma yana ƙirga makin da aka rasa. An sa shi tsakanin mutum biyu da yake son ya faranta wa rai, kuma duk wanda ya bi ya saɓa wa ɗayan. Ka sa wa kanka doka cewa babu maganar wasa a mota sai idan shi ya ɗauko ta, kuma idan ya ɗauko, ka tambaye shi me ya gani kafin ka faɗi abin da ka gani. Gyaran bugu ka bar wa koci. A wata rana daban, da babu gasa babu atisaye, ka tambaye shi ko har yanzu yana jin daɗin tanis, ka kuma shirya jin amsar da ba ita kake so ba, domin a wasiƙarka ka rubuta burinka, ba ka rubuta nasa ba.

Wannan duka ba ya nufin ka miƙa wa koci ɗanka ka rufe ido. Kana da haƙƙin sanin inda aka dosa. Ka nemi ganawa da shi ba tare da yaron ba, ka roƙe shi ya bayyana maka abubuwa biyu ko uku da yake son gyarawa a wata shida masu zuwa da yadda za a gane an samu ci gaba. Ku ɗauki bidiyon sabis ɗin yaron yanzu, ku sake ɗauka bayan wata uku. A gasa ta gaba, maimakon rubuta sakamako, ka ƙirga sabis na biyu nawa ya buga da sabon riƙo, nawa suka shiga, sau nawa kuma ya taka zuwa raga da niyya. Akwai dalilan da za su sa in ce ka ɗauke ɗanka a ranar ba tare da jiran komai ba: idan koci yana zaginsa ko wulaƙanta shi a gaban yara, idan yana tilasta masa wasa a kan ciwo, idan yana hana iyaye ganin atisaye ko neman keɓewa da yaro, ko kuma idan ya yi maka alkawarin cewa lallai zai mai da shi ƙwararre, abin da babu mai gaskiyar da zai iya lamuncewa a kan ɗan shekara 11. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a wasiƙarka.

Bayan kun gama magana da kocin, ku kira yaron, ka faɗa masa da bakinka, a gaban kocin, cewa ku biyu kun amince da sabon riƙon, kuma duk wasan da ya rasa a wannan kakar saboda shi, ku ne kuka ɗauki nauyinsa. Amma likita tukuna, kuma kada a sa sunansa a wata gasa sai an ji abin da likitan ya ce game da gwiwar. Allah ya ba shi lafiya, ya raya maka shi.